Kakata ta rasu, na kasa zuwa gaida ƙanwarta

Assalamu alaikum Anti,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto miki ne a kan wata damuwa da na rasa wanda zan faɗa wa a gida ya fahimce ni. Kakata ta wajen uwa ta rasu bara bayan gajeriyar jinya, tana da shekara tamanin da 'yan kai. Ita ce ta raine ni tun ina ƙarama, lokacin da mahaifiyata ta sake aure, shi ya sa ban taɓa kiranta Kaka ba, Inna nake ce mata, kuma a ɗakinta na girma har na yi aure. Yanzu ni ma ina da 'ya'ya biyu.

A kwanakin farko na rasuwar ban yi wani kuka sosai ba, har wasu suna yaba mini dauriya. Sai da jama'a suka watse, kowa ya koma harkarsa, sannan abin ya sauko mini. Ina cikin aiki sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, hawaye ya zo ba tare da na shirya ba. Idan wani abin farin ciki ya same ni, ko yaro ya yi wata magana ta wayo, hannuna yakan kai ga waya kafin in tuna cewa wadda zan kira ba ta nan. Ina zuwa aiki, ina kula da gidana, wata rana ma har in yi dariya, amma da dare ya yi sai tunanin ya dawo sabo.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne maganganun mutane. Kowa sai ya ce mini, “Ai Inna ta ci zamaninta, ta ga jikoki ta ga tattaɓa-kunne, mene ne abin kuka?” Maigidana mutum ne mai kirki, amma shi ma ya fara cewa ya kamata a ce abin ya wuce haka nan. Wata yayata kuwa cewa ta yi hawayena azaba ne ga Inna a kabarinta. Tun ranar da ta faɗi haka nake ɓoye kukana, kuma idan ya kufce mini sai tsoro ya kama ni, in riƙa ganin kamar ina cutar da wadda ba ta taɓa cutar da ni ba.

Anti, ina jin kamar da rasuwar Inna wani zamani ne gaba ɗaya ya tafi. Ta haifi 'ya'ya tara, huɗu sun rasu tun suna ƙanana, amma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ko ta ambaci abin da kuka ba. Tana da tabon allurar agana a damtsenta, wanda muke taɓawa muna tambaya muna yara. Ba ta yi karatun zamani ba, amma ta riƙe dangi kaf a kanta, ta san wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya yi wa wa alheri shekara hamsin da suka wuce. Idan aka ba ta sirri ya mutu a wurinta, idan ta yi alkawari ta cika ko da za ta wahala. Tun da ta rasu dangi suka fara ja da baya, domin babu mai kiran wannan ya ce masa wancan ba shi da lafiya. Ina duban 'ya'yana sai in ga za su tashi ba su san irin waɗannan mutane ba, ni kaina ma ina tsoron kada wata rana in manta da muryarta.

Babbar matsalata ita ce ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda muke ce wa Iya. Ita kaɗai ta rage a cikin 'yan ɗakinsu. Muryarsu ɗaya, dariyarsu ɗaya, hatta yadda suke jan sunana iri ɗaya ne. Da na je gaishe ta bayan rasuwar, tana amsa sallamata sai na ji kamar Inna ce, na kasa zama, na fito ina kuka. Tun daga nan ban koma ba. Tana aiko da saƙo tana tambayar lafiyata, ni kuma kullum sai in ce zan zo, amma idan na tuna muryar sai ƙafata ta yi sanyi.

Don Allah Anti ki ba ni shawara. Shin da gaske kukana yana cutar da Inna? Lafiyata ƙalau kuwa, da har yanzu abin bai sake ni ba? Yaya zan yi da Iya? Kuma ta wace hanya zan riƙe wa 'ya'yana wani abu daga mutanen nan kafin su ƙare?

Daga 'yarki mai kewar kakarta.

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Inna, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya saka mata da mafificin alheri bisa renon da ta yi miki. Ke kuma Allah ya ba ki haƙurin wannan rashi.

Zan fara da maganar yayarki, domin na ga ita ce ta ɗora miki tsoro a kan baƙin cikin da kike ɗauke da shi. Hawayenki ba ya cutar da Inna. Lokacin da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), yake gargarar mutuwa a Madina yana jariri, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki ya ce, har da kai ya Manzon Allah? Sai ya amsa masa cewa wannan rahama ce, sannan ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. A wata rana kuma, da ya je duba Sa'adu ɗan Ubada yana jinya, ya yi kuka, sahabbai suka yi kuka, sai ya gaya musu cewa Allah ba ya azabtarwa saboda hawayen ido ko baƙin cikin zuciya, sai dai saboda wannan, ya nuna harshensa. Gaskiya ne akwai hadisin da ya yi maganar azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa, kuma ina zaton shi yayarki ta ji, amma malamai sun fassara shi a kan kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da furta kalaman ƙin yarda da hukuncin Allah, musamman idan mamacin ne ya yi wasiyya da a yi masa haka. Nana A'isha ma da aka kawo mata maganar, ayar da ta karanta ita ce wadda ta ce babu rai da zai ɗauki nauyin laifin wani. Abin da kika kwatanta mini, hawayen da ke zuwa kina cikin aiki ko kina kwance da dare, ba ya cikin wannan ko kusa. Ki daina ɓoye shi, idan ya zo ki bar shi ya zuba, ki haɗa shi da yi mata addu'a.

Masu ce miki ta ci zamaninta ba mugunta suke nufi ba, lallashi suke yi da abin da ya zo bakinsu. Sai dai lissafinsu ya sha bamban da naki. Su shekarun da Inna ta yi a duniya suke ƙirgawa, su ga sun yi yawa, ke kuwa ba ki taɓa sanin rana ɗaya ta rayuwarki da babu ita a ciki ba sai yanzu. Tsawon ran da Allah ya ba ta abin godiya ne, amma shi ne kuma ya sa shaƙuwar ta yi zurfi. Ban da haka, a idon mutane kaka kika rasa, alhali a zuciyarki uwa ce, tunda ita ta raine ki. Wani masanin Amurka mai suna Kenneth Doka ya yi rubutu a 1989 a kan irin wannan baƙin ciki da jama'a ba sa ba shi matsayinsa, inda mai rashi yake rasa wanda zai tausaya masa domin ana ganin rashin nasa bai kai a yi masa kuka ba. Mai irin wannan rashi ciwo biyu yake ɗauka, na rashin da na kaɗaici. Game da masu cewa lokaci ya yi da za ki daina kuwa, ki tuna cewa Annabi (SAW) yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa ta rasu, amma da ya ziyarci kabarinta bayan ya haura hamsin ya yi kuka har ya sa waɗanda ke tare da shi kuka.

Kin tambaye ni ko lafiyarki ƙalau. Daga abin da kika rubuta, ban ga alamar cuta ba. Mutane da yawa ba sa jin nauyin rashi sai bayan hidima ta ƙare gida ya yi shiru, kuma dariyar rana da kukan dare ba sa karo da juna. Masu bincike biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana a 1999 cewa haka mai rashi yake warkewa, yana kai da kawo tsakanin fuskantar rashin da komawa ga harkokin rayuwa, kuma dukansu biyun yana buƙatarsu. Amma zan gaya miki inda iyakar take. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta sanya baƙin cikin rashi mai tsawaita a matsayin larurar da ake magani, wato idan an wuce aƙalla wata shida kewar tana nan da ƙarfinta har ta hana mutum gudanar da rayuwarsa. Idan kika ga barci ya ƙaurace miki, kin daina cin abinci, kin kasa kula da yara ko zuwa aiki, to ki ga likita. Idan kuwa kika fara jin gara ki bi ta, kada ki jira ko kwana ɗaya, ki gaya wa maigidanki ku tafi asibiti. Ganin likita a kan wannan ba raunin imani ba ne.

Yanzu bari mu zo kan Iya, domin a ganina nan ne zuciyar wasiƙarki take. Abin da ya same ki a ƙofarta ya taɓa samun wanda ya fi mu duka. Nana Khadija ta rasu a Makka kimanin shekara uku kafin hijira. Bayan shekaru, 'yar'uwarta Halatu ta zo ta nemi izinin shiga wurin Annabi (SAW), da ya ji yadda ta nemi izinin sai ya tuna da yadda Khadija take yi, abin ya girgiza shi, ya ce, ya Allah, Halatu ce. Nana A'isha ce ta ba da wannan labari, kuma ita ce ta faɗa mana cewa yakan yanka dabba ya aika wa ƙawayen Khadija da naman. Kin ga muryar ta taɓa shi kamar yadda ta taɓa ki, amma bai nisanci masu tuna masa da ita ba, nemansu ma yake yi da alheri. Haka Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa, da aka yi masa magana ya ce mahaifin mutumin aminin Umar ne, kuma ya ji Annabi yana cewa mafi girman biyayya shi ne mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Idan ɗan aminin uba ya sami wannan, ina ga ƙanwar da suka sha nono ɗaya da wadda ta raine ki?

Ina so ki ɗan juya ki dubi abin daga wurin Iya. Ke kin rasa wadda ta san ki tun kina jaririya, amma kina da miji da 'ya'ya da 'yan'uwa da sa'o'i. Ita kuwa ta rasa mutum na ƙarshe a duniya da ya san ta tana yarinya, wanda ya san fuskar mahaifiyarsu, wanda za ta ce wa “kin tuna?” ya ce ya tuna. Duk wanda ya rage mata yanzu da girmanta ya same ta. Tsofaffi ba su cika faɗin irin wannan kaɗaici ba, kuma mutane kan manta da yi musu ta'aziyya ta musamman, ana ganin sun saba da mutuwa. Saƙon da take aiko miki yana da ma'ana fiye da tambayar lafiya, domin ke ce wadda yayarta ta raina, kuma kamar yadda kike jin Inna a muryarta, ita ma tana ganin tarbiyyar Inna a jikinki. Akwai yiwuwar ma tana can tana zargin kanta, tana tunanin ko wani abu ta yi miki.

Saboda haka ki je, kuma kada ki jira sai ranar da kika ji kin yi ƙarfi, domin ƙarfin a wurin zaman ake samunsa, ita kuma shekarunta ba sa ba da damar dogon jinkiri. Ki tafi da ɗaya daga cikin yaranki, ki yi niyyar ɗan gajeren zama. Idan ta amsa sallama kuka ya zo, kada ki fita, ki zauna ki gaya mata gaskiya, ki ce, “Iya, muryarki ce irin ta Inna, shi ya sa na kasa zuwa.” Ba na jin akwai maganar da za ta sanyaya mata rai kamar wannan. Zuwan farko zai yi zafi, na biyu zai fi sauƙi, kuma sannu a hankali kunnenki zai fara rarrabe su, ki riƙa jin Iya a matsayin Iya, mace mai nata hali da nata labari. Wannan haƙƙinta ne, kada ki mayar da ita inuwar yayarta kawai.

A wurinta kuma amsar tambayarki ta ƙarshe take. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa tsofaffi sun fi tuna abin da ya faru da su tsakanin shekara goma zuwa talatin na rayuwarsu fiye da na shekarun da suka biyo baya, don haka ta nan za ki shiga. Kada ki ce mata ta ba ki labarin da, domin tambayar ta yi faɗi, za ta ce miki babu wani labari. Ki tambaye ta ƙananan abubuwa: wa ya fi tsiwa tsakaninta da Inna suna yara, me mahaifinsu yake yi idan ransa ya ɓaci, wace ce babbar ƙawar Inna, yaya aka yi ranar da aka yi musu allurar nan da ta bar tabo. Ƙaramar tambaya ita ke jawo dogon labari. Ki nemi izininta ki ɗauki muryarta a waya, ki ajiye a wuri fiye da ɗaya don kada waya ta lalace ta tafi da shi, sannan ki sami littafi ki rubuta sunayen dangi da yadda aka haɗu, ki karanta mata ta gyara miki. Game da muryar Inna kuma, ki tambayi 'yan'uwa, da wuya a rasa wanda yake da tsohon saƙon murya a WhatsApp ko bidiyon wani taro da ta yi magana a ciki. Ki karɓa ki adana ko da ba za ki iya saurara yanzu ba.

Akwai wani abu a wasiƙarki da nake so in ja hankalinki a kai. Kin ce Inna ta rasa 'ya'ya huɗu ba ki taɓa jin ta yi kuka ba, kuma na ji kamar kina auna hawayenki da shirunta kina ganin kin gaza. Ke kin zo ne bayan shekaru masu yawa da faruwar abin, ba ki ga dararen da ta yi ba. Mutanen zamaninsu sun taso ne a lokacin da, a wajajen 1950, fiye da yaro ɗaya cikin biyar a duniya ba ya kai shekara biyar. Allurar rigakafin ƙyanda ba ta samu ba sai 1963, agana kuwa sai a 1980 aka tabbatar an kawar da ita daga doron ƙasa, kuma tabon da kuke taɓawa a damtsenta shaidar wannan yaƙi ne. Sun yi haƙuri na gaske, ina girmama su a kan haka, amma ciwon da suka ji bai gaza namu ba, wurin faɗinsa ne ba su samu ba. Idan zama ya yi daɗi tsakaninki da Iya, ki tambaye ta sunayen yaran nan huɗu ki rubuta su tare da sauran, wataƙila ita kaɗai ta rage da ta san su. Idan kuma za ki ba 'ya'yanki labarin Inna, ki ba su ita yadda take, da faɗanta da rahar ta da abin da take tsoro, domin yaro ya fi riƙe mutum mai halin ɗan'adam fiye da wanda aka ce masa ba shi da aibi ko ɗaya.

Watsewar dangi da kika lura da ita gaskiya ce, kuma haka takan faru a duk gidan da mutum ɗaya ne yake riƙe da zaren. Abin da Inna take yi aiki ne, tana ji ta isar, tana tuna wa mutane haƙƙin juna, kuma aiki ne da wani zai iya ɗauka. Ba na ce ki ɗauke shi duka ba, ke da kike da ƙananan yara da naki nauyin, amma idan kika ji wani ba shi da lafiya ki kira mutum biyu ki gaya musu, kamar yadda kika ga tana yi. Maigidanki kuma ki zaunar da shi a lokacin da hankalinku yake kwance, ki bayyana masa cewa uwa kika rasa, kuma ba gyara kike nema daga wurinsa ba, saurare kike so. Maza da yawa suna cewa abu ya wuce ne saboda ba sa jure ganin hawayen da ba su san yadda za su tsayar ba, idan aka ba su abin yi sai su sami sauƙi. Ki roƙe shi ya kai ku gidan Iya cikin makon nan, ya shiga ya gaishe ta, sannan ya ba ku wuri.

Taki,
Anti